Dattawan Paki Sun Roƙa a Bar Ni, Ni Kuma Ina Roƙon a Sake Ni

Zuwa ga Maigirma Jami'in Ilimi mai kula da makarantun yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Malam Ilu, malamin motsa jiki da tsabta a firamaren Paki. Na rubuto a fili ne domin wasiƙuna sun shiga ofishinka ba su fito ba.

Na ɗaya. Shekarar da muka sami mulkin kai na ci jarrabawar shiga kwaleji, in karanta ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, in dawo in koyar da malamai. Sa hannunka kaɗai ya rage, cewa an sake ni.

Na biyu. Da na zo Paki, kurkunu na kwantar da manoma a tsakiyar damina. Na koya wa 'yan makaranta tace ruwan tafki da ƙyalle, suka kai dabarar gida, aka ga sauƙi. Da dattawa suka ji zan tafi, sai suka ɗauka laifi na yi, don a wurinsu ba a ɗaga malami sai ya yi ɓarna. Ko tambayata ba su yi ba. Suka hau motar kasuwa har ofishinka, suka zube suna ba da haƙuri a madadina. Kai kuma, ranka ya daɗe, maimakon ka fahimtar da su, sai ka rubuta a fayil ɗina cewa jama'a sun hana. Suka dawo suna murna sun cece ni, har da kawo mini zakara. Na karɓa na yi godiya. To, me zan ce musu?

Na uku. Damina uku ke nan ina jiran sa hannunka. Na je ofis da keke, aka ce kana rangadi a Maƙarfi. Na bi ka can, aka ce ka wuce Kudan. Yanzu kwaleji ta rubuto cewa bana ne ƙarshen jirana. In an buɗe bayan girbi ban je ba, za a ba wani gurbin.

Kullum safe ina hura usur yara na zagaya fili, ni ma shi nake ta zagayawa. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Roƙona biyu ne: ka sa hannu kafin a tare dawa, ka kuma turo wanda zai gaje ni in nuna masa aikin tace ruwa. Na zauna da dattawan na yi musu bayani, kunya ta kama su. Ga yatsunsu sun dangwala a ƙasan wannan takarda, suna roƙon a sake ni. Ka ji maganarsu ranar da suka yi kuskure. Ka ji ta yau da suka gyara.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da ofis lafiya.

Wassalam.

Malam Ilu, Paki