Ranar da Tursunoy Ta Cika Mini Kofi

Zuwa ga jikana Elyor,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya a can Koriya, ya sa albarka a nemanka. Na ga hotonka, ja'iri, kunnuwa kawai suka rage. Mu nan Margilan lafiya lau, ban da gwiwata. Matarka Zebo tana nan da haƙurinta, 'yarka Asila kuwa ta koyi cewa a'a, gadon uba.

To, na yi aiken da ka ɗora mini, kuma bai yi mini daɗi ba. Kai ka dame mu a duba ko gidan renon ƙawata Tursunoy, inda muke kai Asila, yana da lasisi. Na ce maka matar da ta sha wanke maka wando, me za a duba a kanta? Duk da haka Zebo ta buɗe shafin hukuma a wayarta. Lasisi akwai. Amma masu duba gidajen reno sun rubuta cewa ɗan tafkin tsakar gidan, wanda muke sanyaya kankana a ciki, ba shi da shinge, kuma wa'adin da suka ba ta ya wuce. Zebo ba za ta iya ɗaga ido ta yi wa babba wannan magana ba, sai aka tura tsohuwa mai baki.

Na sayi gurasa mai zafi na tafi. Muka zauna ƙarƙashin inabi, na yi ta kewaye-kewaye, daga auduga zuwa ciwon baya, sannan na taɓo tafkin. Ta tambayi wanda ya kai mini gulma, na ce waya. Ta yi dariya ta ce ashe yanzu waya ce aminiyata, ita da ta raka ni ɗakin miji ta zama abin bincike. Wai rabin unguwa a bakin ruwan nan suka yi rarrafe, har da mai kunnuwan Koriya, wato kai, kuma masu dubawar ma sun ci shinkafarta har da lashe yatsu. Na ce yaran yanzu sun fi ƙarfin idonta, Asila kuma gudu take kamar an kunna ta. Na ƙara da cewa za ka turo mai walda ya yi shingen. Nan fa fuskarta ta canza.

Ta ɗauki butar shayi ta cika mini kofi har baki. Ka san mu, ɗan kaɗan ake zuba wa wanda ake so ya daɗe, cikakke kuwa sallama ce. Tun muna 'yan mata ba ta taɓa yi mini haka ba. Na shanye da zafinsa, na nemi takalmana.

Mun mayar da Asila wani gidan renon kusa da tasha, ba ruwa ko na wanke hannu a ƙasa. Gaskiyarka ce, kuma ba zan mayar da ita gidan Tursunoy ba. Sai dai kullum da safe tana jan zanena wajen ƙofar Tursunoy, ni kuma ina jan ta gaba. Jiya mun haɗu da Tursunoy a kasuwa, ta gaishe ni da cikakken sunana, cikin ladabi, kamar yadda ake gaida baƙuwa.

Kawunka Ravshan da gwaggonka Dilorom suna gaishe ka. Ka gaida ɗan'uwanka Sanjar, ka ce ya riƙa ba ka abinci. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Kakarka mai ƙonannen harshe,
Muattar