Takardar da Yaya Tahir Bai Kai Gare Ta Ba

Daga ƙauyenmu, kusa da Rusairis, Satumba 2012

Zuwa ga ƙanena Sa'id, a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wasiƙata ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ibtisam da yara. Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta yi albarka, kogi ya cika, dawa ta wuce kan mutum. Iya tana nan, sai dai ta rage magana.

Yau kwana arba'in da rasuwar Yaya Tahir. Na san labari ya iso maka, kuma ba ka kira ba. Ban rubuto don faɗa ba, ko da yake ka san bakina. Shekara goma sha bakwai ke nan da kuka ɓata, tun ranar da aka ba shi shugabancin hizbinsu na wilaya, wato jam'iyyarsu a jiharmu, ka ce masa siyasa za ta cinye shi ta cinye gidansa. Ba ka ga sauran ba, bari in gaya maka. Yaya, ɗan masuncin nan da ya karanta shari'a a Khartum, ya ƙare rayuwarsa tsakanin kotu da taro. Sau biyu ana tsare shi, yana fitowa sai ofishinsa na Damazin. Ranar jana'iza mutane suka zo daga Dinder da Sinnar, mota bayan mota. Wani tsoho ya ce a ƙasar nan aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, amma baƙo ake kiransa sai da Ustaz Tahir ya tsaya masa ya sami jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa. Wallahi na yi kuka, na kuma yi alfahari.

Sai dai kana da gaskiyarka. Yaya ya nema wa ɗaruruwa takardar zama ɗan ƙasa, na gidansa kuwa kara ta hana shi. Kullum cewa yake kada a ce shugaba ya fara da danginsa, na gida ba sa gudu. To, ga shi shi ya tafi. Ni kaina ba ni da ko ɗaya, amma ni na tsufa, ina za ni? Damuwata Asma'u ce, 'yar marigayi ɗan'uwanmu Gambo, wadda Yaya ya riƙe tun tana rarrafe. Ta ci jarrabawa, jami'a ta ɗauke ta karatun shari'a, amma ba rajista sai da jinsiyya. Gambo ya rasu ba takarda. A ofis suka ce sai ɗan'uwan uba na jini, mai takarda, ya zo da kansa ya yi shaida. Yaya ya sa ranar kai ta, ciwo ya riga shi. Yanzu kai kaɗai ka rage, kuma ƙarshen watan gobe za a rufe rajista.

Sa'id, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda kake fushi da shi yana gaban Ubangijinsa. Ka yafe masa ko kada ka yafe, wannan tsakaninku ne, amma don Allah ka zo.

Iya tana sa maka albarka. Widad matar Yaya da Kawu Abdussalami suna gaishe ka. Ka gaida Ibtisam, da Salih da Hindu. Asma'u ta roƙe ni in kwatanta mata kamanninka, wai don ta gane ka a tashar Damazin. Na ce mata ta nemi mai fuskar Yaya Tahir.

Wassalam. Ni ce yayarka,
Sabuwa