Gidaje Talatin da Shida na Malam Attahiru

Kalgo, 15 ga Mayu, 1989

Zuwa ga yayata Tasalla,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya kuka yi ƙaramar salla? Yaya yarinyar nan tawa da ke wajen kakanta Baba Malam? Sambo direba ya ce ya hango ta a ƙofar gida tana rigima a kan rake. Na sa ya maimaita mini labarin sau uku, har ya gaji ya tayar da mota.

Yaya, wata takwas ke nan da rasuwar uwarta, kuma ba zan ɓoye miki ba, gidan nan ya kusa haukata ni. Da safe ina da sauƙi, 'yan aji shida ba sa barin mutum ya yi tunani. Amma daga la'asar zuwa magariba sai in zauna ina kallon turminta da ke kife a gindin darbejiya. Akwai ranar da na ɗora ruwan shayi, ban farga ba sai da tukunyar ta ƙone.

Cikin azumi na tuna wani wasa da muka koya a kwalejin horon malamai wajen wani Bature mai koyar da lissafi. Mu huɗu muke yi a lokacin, yanzu ni kaɗai nake yi. Na zana kogi da garuruwa a bayan kwali. Na ƙirƙiro wani mai jirgi, na sa masa suna Albarka. Sai na zana gidaje talatin da shida a takarda, shida a tsaye shida a kwance, kowane gida na rubuta abin da zai iya samun matafiyi. Ina jefa dayis ɗin ludo guda biyu, gidan da suka nuna shi ne ya sami Albarka, ni kuma in rubuta yadda aka yi a littafi. Jiya jirginsa ya huje, na yi ta fama da shi har aka kira salla. Ki yi dariya in kin so. Amma tun da aka yi rasuwar nan, wannan ne karo na farko da na kwanta ina son in ga gobe.

Ki tuna wa Baba Malam alkawarinsa cikin hikima. Ya ce bayan babbar salla zai ba ni yarinyar in ya ga na natsu. Na yi wa ɗaki farar ƙasa, kuma Inna Larai maƙwabciyata ta yarda za ta riƙa kula da ita in na tafi makaranta.

Ki gaida kowa. Ƙaninki,
Attahiru

Gwandu, 28 ga Mayu, 1989

Attahiru,

Bayan gaisuwa, muna lahiya, ɗiyarka Indo ma lahiya lau. Ban yi dariya ba, kuma kai ma in ka gama karanta wagga takarda ba ka yi.

Matan da sunka ci kasuwar Kalgo sun dawo da labarinka. Wai Malam Attahiru na makaranta ya zama mai duba. Wai kullum la'asar kana zaure da hatimi gabanka, kana jefa ƙwayoyi, kana magana kai kaɗai kana rubutawa. Har an ce mata na yi maka layi. Magana ta shiga gidan surukinka Malam Basharu tun shekaranjiya. Kakar Indo ta aiko anka kira ni, ta ce, "Tasalla, mu ba da ɗiyar ɗiyarmu ta tashi gidan boka?"

Kai wane irin mutum ne? Gidaje a jere cikin murabba'i da rubutu ciki, wa zai gani garin nan ya ce ba hatimi ba ne? Ka san ko wane ne surukinka. Mutumin da ya shekara talatin yana karantarwa cewa wanda ya je wajen mai duba sallarsa ta kwana arba'in ba ta karɓuwa. Shi za ka gaya wa wasan Bature?

Ya ce zai tambaye ni, don ya san ban taɓa yi mai ƙarya ba. Ni kuwa a shirye nike in rantse maka. Amma ka amsa min abu guda tukuna, kuma ka ji tsoron Allah: ka taɓa jefa abin nan don wani mutum?

Yayarka,
Tasalla

Kalgo, 3 ga Yuni, 1989

Yaya,

Na gaishe ki. Takardarki ta kwana biyu a aljihuna, na kasa amsawa.

Wallahi ba hatimi ba ne. Ba aya a ciki, ba sunan aljani. Gida ɗaya an rubuta "ruwa ya yi ƙarfi", wani "ka sami masauki", wani "ɓarayi", wani "mutuwa". Mata bakwai sun zo, na kore su duka, har da wadda ta kawo zakara.

Amma sau ɗaya na jefa.

Sunanta Delu. Mijinta Hamidu masunci ne, ya tafi su Chadi shekara biyu ke nan, ba saƙo ba labari. Kwana uku a jere tana zuwa ta durƙusa a ƙofar zaure da goyo a bayanta da wani a hannu. Na ce mata wasa ne nake yi. Ta ce, "Malam, duk malamin ƙwarai haka shika cewa." Na nuna mata kwalin, na ce ni na zana da hannuna. Ta ce, "To wa zai zana in ba kai ba? Ni dai ka hwaɗa min ko shina da rai, in san ko takaba za ni yi." Yaya, na san irin wannan zaman jiran. Na ga idonta, sai hannuna ya ɗauki dayis. Suka faɗa gidan da ke cewa "hanya ta buɗe". Na karanta mata. Ta tashi tana dariya tana kuka.

Abin da ya fi wannan muni shi ne shekaranjiya wani ɗan kasuwar kifi ya iso da saƙon Hamidu. Yana da rai, zai dawo kafin kaka. Jiya da safe na tarar da mutum goma sha ɗaya a ƙofar gidana, da ƙwaryar fura da kaji. Ta katanga na fita zuwa makaranta, ni malamin aji shida.

Ki rantse mini, Yaya. Ba ƙarya za ki yi ba, ai ba duba na yi ba, tausayi ne ya ja ni. Kada ki ambaci Delu. In aka hana ni Indo ban san abin da zan zama ba. Ga shi na rubuta sunanta, kunyar 'yar fari ma ta fita daga idona.

Ƙaninki,
Attahiru

Gwandu, 11 ga Yuni, 1989

Attahiru,

Ina gaisuwa. Na tahi gidan Malam da niyyar in rufa maka asiri, Allah shi ne shaida. Tun daga gida nike maimaita abin da zan ce. Da na durƙusa, bai ma ɗauko Alƙur'ani ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Tasalla, mi kinka sani?" Indo na zaune gefensa tana wasa da tasbaharsa. Sai bakina ya ƙi. Na hwaɗa mai komai, har Delu, har saƙon Chadi.

Ka yi hushi da ni in ka ga dama, ni ma ban yi barcin kirki ba tun ranar. Amma da na rantse, da labarin Delu ya iso mai ranar kasuwa, da ni da kai duk mun ƙare wajensa.

Bai yi faɗa ba. Ya ce zai zo Kalgo da kansa ranar Asabar. Kada ka ƙona komai, kada ka ɓoye komai, in ya tarar da toka zai ce gaskiya anka hwaɗa. Ka share zaure, ka sa rigar kirki, ka aske gemun nan da Sambo ya ce ka bari.

Allah shi taimake ka.
Tasalla

Kalgo, 18 ga Yuni, 1989

Yaya,

Gaisuwa. Ban yi fushi ba, ba ni da ƙarfin fushi.

Ya zo da hantsi. Ya ƙi shan fura, ruwa kawai ya karɓa. Na shimfiɗa masa kwalin da takardar gidaje da littafin. Ya sa na karanta masa gidajen ɗaya bayan ɗaya, ya juya dayis a tafinsa, ya ce, "Wanga ai na yara ne." Raina ya ɗan dawo. Sai ya ce in karanta littafin tun daga farko.

Na karanta har azahar, muka yi salla, na ci gaba. Shafi sittin da biyu. Bai katse ni ba ko sau ɗaya, kansa a sunkuye. Da na gama sai ya ce, "Da kaj jefa ma matar nan, ka san inda za su hwaɗa?" Na ce a'a. Ya sa yatsa a kan gidan mutuwa, ya ce, "Da nan sunka hwaɗa fa? Da ka ce mata ta shiga takaba?"

Ya miƙe, ya sa takalmi, ya fita ko sallama bai yi mini ba. Na bi shi har tasha, bai waiwayo ba.

Ki je ki roƙe shi. Ki ce zan tsaya a masallacin Juma'a in gaya wa duk Kalgo ban san gaibu ba. Zan je gidan Delu in faɗa mata gaban mutane. Zan jefa dayis a gulbi. Saura kwana ashirin da biyar salla, na riga na ba tela ɗinkin rigarta. Ki taimake ni, ba ni da kowa sai ke.

Attahiru

Gwandu, 20 ga Zulƙida, 1409

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Basharu ɗan Yusufu zuwa ga ɗana Attahiru. Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ka. Bayan haka:

Na shaida kai ba boka ba ne, kuma na faɗi haka a zaurena gaban jama'a. Ka je wa matar nan da gaskiya kamar yadda ka ce, wannan wajibi ne a kanka.

Indo za ta zauna wajenmu har shekara ta zagayo. Ƙofa a buɗe take gare ka kowace Juma'a. Ka kawo rigar da hannunka.

Ka cancanci sanin dalili. Matar da mai jirginka ke nema daga gari zuwa gari, mai wushirya, wadda ba ta cin kifi, na gane ta tun shafi na huɗu. 'Yata ce, uwar Indo, ni na raɗa mata suna. Da ka rufe littafin ba a same ta ba, sai da na riƙe bakina don kada in ce ka jefa sau ɗaya mu gani. Shekarata saba'in da ɗaya, kuma ni na sa ta a kabari da hannuna. Abin da ya sa na fita ban yi sallama ba ke nan.

In wasan nan ya yi mini haka cikin yini guda, ba zan kai marainiya ta kwana ɗaki ɗaya da shi ba, sai ran da ka daina nemanta.

Allah Ya ba mu haƙuri, ni da kai. Wassalam.