Bangon Baba da Ka Sa Aka Shafe

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya raya mana yaran. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida. Baba ne dai ba ƙalau ba, kuma kai ne sanadi, saboda haka gyara zama.

Wa ya aike ka turo mai fenti ɗakin Baba ba ka tambayi kowa ba? Na kai Baba asibitin ido, muka dawo muka tarar da bangon gabas fari fat, mai fentin yana washe baki wai ya rufe mana zanen yara. Zanen yara! Wallahi raina ya ɓaci.

Tunda ba ka taɓa zama ka saurari Baba ba, bari in gaya maka abin da ka shafe. Tun da Baba ya bar koyar da lissafi yake bin wata lamba mai alƙaluma goma: a jera biyu guda talatin da ɗaya, a ninka su, a cire ɗaya. Tana cikin lambobin nan masu taurin kai da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Ya ce su ma dangi-dangi ne, akwai tagwaye da biyu kawai ke tsakaninsu, akwai irin tasa da ɗaya ya hana su cika ninkin biyu. Kullum bayan karin kumallo sai ya raba ta da ƙananan masu taurin kan, ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta abin da ya saura a bango da fensir, don ya tabbatar da hannunsa cewa babu mai raba ta. Shekara biyu yana yi. Ya wuce dubu arba'in, a dubu arba'in da shida da 'yan kai zai tsaya, don bayan nan babu sauran mai raba ta.

Na ji ka ce wa Inna wai wayarka za ta ba shi amsar kafin ya ƙifta ido. Sannu, gwani! Baba ya san amsar tun kana rarrafe. Mutumin da ya shekara talatin yana hana ɗalibai maki in sun kawo amsa ba aiki, shi za ka miƙa wa waya? Na roƙe shi ya ɗora daga inda ya tsaya, ya ce abin da ba a rubuce yake ba, ba a yi shi ba. Likita kuwa ya ce idon da wuya ya kai baɗi yana karatu. Jiya ya sa na feƙe masa fensir, ya koma farko, kan lamba uku.

Inna tana gaishe ka, da Goggo da Kawu. Ka gaishe min da matarka da yaran. Na tambayi Baba ko in sa tasa gaisuwar, bai juyo ba, yana kan sha bakwai.

Yayarka.