Hannun Baba Mai Wuƙa

Litinin, 3 ga Maris

Sun rufe maɗaba'ar gwamnati. A rediyo na ji, ina shirya yara makaranta. Wata takwas ina zarya a gidan nan saboda binciken digirina, kan abin da ke sa gwamnati ta kashe hukumominta da yadda take kashe su. Ga shi an kashe ɗaya a gaban idona. Allah ya yafe mini, murna na fara yi. Na ce babi na huɗu ya samu abin rubutawa.

Laraba, 5 ga Maris

Na je. Ƙofa da sarƙa, 'yan sanda mota biyu. Ma'aikata sun farfasa tagogin ofishin darakta, sun banka wa motarsa wuta. A gabana aka fasa wa wata mai shara kai da gindin bindiga, jini har ƙirji, tana ta neman ɗankwalinta a ƙasa. Shugaban ƙungiyarsu, wanda suke kira Gatari, ya hango ni. "Ga ta nan, munafukar mai tambaya!" Dutse ya same ni a kafaɗa. Da takalmi ɗaya na iso gida.

Alhamis, 6 ga Maris

Ashe Farfesa, mai duba aikina, shi ya miƙa wa kwamitin rufewar babina na uku, ko sallama bai yi mini ba. Suka tsinci sakin layi guda suka manna a takardarsu: injinan bugu sun shekara shida a kwance, ana kai aikin waje a ɓoye. Na yi masa tas a ofis, har sakatare ya leƙo. Ko a jikinsa. Wai, "Ai ba ki sa sunan kowa ba."

Ban sa ba kam. Ƙa'ida na bi, na rubuta "wani ma'aikaci da ya shekara talatin a kan injin yankan takarda". Injin yanka ɗaya ne a gidan, mutum ɗaya ne a kansa. Ko makaho ya san Baba Mai Wuƙa ne. Shi da yake goge mini kujera da hularsa. Ranar da na ɗauki muryarsa sai da ya ce, "'Yata, ba za a ji ba ko?" Na ce haba Baba, ko kaɗan. Kai, ni da wauta!

Asabar, 8 ga Maris

Sun tare Baba a bakin layinsu da la'asar. Mutum shida, duk abokan aikinsa. Suka danne hannunsa na dama a kan dakali, suka yi ta bugu da sandar ƙarfe. 'Yarsa ce ta kira ni. Ba ta zage ni ba, ta ce dai in sani.

Lahadi, 9 ga Maris

Na yi amai sau uku.

Talata, 11 ga Maris

Asibiti. Yatsu uku aka cire. Matarsa ta gan ni ta juya wa bango fuska, ta ƙi amsa gaisuwata. Shi kuwa ya ɗaga hannun naɗe da bandeji. "Shekara talatin ina gaban wuƙa, ko farce ba ta ɗauke mini ba." Na fashe da kuka. Ya ce in bari, kuka ba ya mayar da yatsa. Sai ya tambaye ni mutum nawa suka yi mini magana. Na ce goma sha tara. Ya ce, "To sauran fa?"

Alhamis, 13 ga Maris

Ƙungiya ta kai ƙara, kwamiti yana son muryoyin duka a matsayin shaida. Farfesa ya ce in kawo wayar da na ɗauki muryoyin da ita gobe. Wanda bai san su ba ne zai ce muryoyi ne kawai. Da an kunna a kotu, Gatari zai gane kowa tun daga tarinsa. A cikinsu akwai mai ɗinkin littattafai da cikin wata bakwai.

Baban yara ya ce in miƙa in huta, ba ni na kar zomon ba. Na jefe shi da kofi. Bai same shi ba, da sauƙi.

Juma'a, 14 ga Maris

Na ce wa Farfesa wayar ta faɗa ruwa, kuma ban kwafi komai a ko'ina ba. Ya buga tebur, ya ce shekara huɗun da na yi ta tafi a banza, ba digiri ba dalilinsa. Na ce ƙaddara ce.

Ban yi masa ƙarya ba, a ruwa take. Bokitin wanki ne, bayan ƙofa. Na daɗe a tsugune ina danne da ita kafin ta daina haske.