Aron Gishiri

Tsibirin Mozambik

Zuwa ga Yaya Atija,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya Nampula, ya yara, ya tumbin mijinki? Ki gaishe shi, ki gaishe da tumbin, kowa gaisuwarsa daban.

Maulidi ya matso. Mama ta ce za a yi wa unguwa miyar sirisiri, ganyen nan na bakin teku, kamar yadda Kaka Mwanasha ta saba, Allah ya jiƙanta. Jiya da ruwa ya janye na bi matan unguwa bakin teku muka tsinko ganyen. Kaguwa ta damƙe mini yatsa daidai inda kika yar da kwando kina ihun maciji, ranar da na ja miki igiya. An rama miki.

Kin tuna Kaka? Ganyen da tun yana toho ruwan teku yake sha, sai an tafasa an zubar da ruwan don gishirinsa ya ragu kafin a sa madarar kwakwa da kashu, amma ita sai ta ɗaga murfi ta ce gishiri ya ƙare, mu ruga gidan wane mu aro. Sai da na girma na gane gayyata ce. Har wadda suka yi faɗa da ita, da ƙafarta take kawo gishirin, ta zauna ta ci. Shi kuwa gishirin a bayan murhu yake taruwa.

Na san abin da ya hana ki zuwa. Kunya kike ji don ba ki samu jana'izarta ba. Wallahi ba wanda ya riƙe ki a rai. Mama tana goge kwakwa tana kallon hanyar gadar shigowa tsibiri, in na kama ta sai ta ce hayaƙi ne ya shiga idonta. Ko wuta ba a hura ba.

Bana ni aka aika. Na zaga gidaje duka, saura ɗaya. Yaya, gishirinmu ya ƙare. Ki ara mana.

Ƙaninki da ba ya jin magana,
Abudo

Nampula

Abudo, ɗan nema,

Muna lafiya, tumbin ma yana amsawa. Ka sa ni kuka a gaban yara. Ka ce wa Mama ta ajiye mini wurina a bakin murhu, ranar Alhamis zan tsallako gada da gishirin a hannuna. In kuwa na ga igiya a hanya, kunnenka ne zai ji jiki.

Yayarka,
Atija