Wasannin Zaune Don Guguwa

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida mai ɗakinka, da fatan aiki yana tafiya. Da injin yankan katako bai cinye maka kunnuwa ba, da waya zan ɗauka in yi maka kukana in huta. Tunda ba hali, ga takarda ta hannun direban bas.

Yaya, Guguwa ba ta da lafiya. Kai ka raɗa mata sunan nan, ka san yarinyar da tun da ta koyi tafiya ba ta sake yin tafiya ba, sai gudu. Ran nan mun dawo daga makaranta, ta riga ni hawa bene kamar kullum. Da na iso hawa na biyu sai na tarar da ita a tsugune a kan matakala, ta haɗa gwiwa da ƙirji, leɓenta ya yi shuɗi kamar ta tsotsi biro. Na ce, "Ke, me kika ci?" Ta buɗe baki, magana ta ƙi fita. Ban san yadda na sauko da ita ba. Takalmina ɗaya ma sai washegari maƙwabciya ta miƙo mini.

Likita ya ce a zuciya ne. Wai akwai huda a ciki tun haihuwa, kuma wata hanyar jini ta matse. Sai an yi tiyata, kuma akwai layi, sai sun kira mu. Kafin nan ya ce ban da gudu, ban da hawa da sauka a bene, ban da kuka mai tsanani, a kuma raba ta da masu mura. Makaranta ke nan ta tsaya.

To ka faɗa mini, yaya ake zaunar da iska? Ɗaki biyu da falo gare mu. Tana jin yara suna ƙwallo a ƙasa sai ta manne da taga. Na ba ta wayata, in na karɓe sai kuka, kukan kuwa shi nake tsoro. Yayanta ya gaji da ita, babansu yana shagon ɗinki har yamma. Ni kuwa aikina ya zama kallon bakinta. Ko ruwa take sha ina leƙen launin leɓenta.

Kai ka raine mu, kai ka yi mana motocin katako muna yara. Ka aiko mini da wasan da ake yi a zaune. Kowane iri ne.

Ka sa mu a addu'a.
Ƙanwarka, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarki a tsaye, sai da na nemi benci. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Ga akwati nan. Kada ki zube mata shi gaba ɗaya, yaro in ya ga kaya da yawa babu wanda zai yi masa daɗi. Ki riƙa fito da su ɗaya-ɗaya, in ta fara gajiya da wani ki ɓoye shi, bayan kwana biyu zai koma sabo.

Akwai guntayen katako, na goge su da kyau, babu tsinin da zai soke ta. A gina gida, a gina gada, wanda ya sa na ƙarshe ginin ya rushe shi ya faɗi. Akwai kifaye, kowanne na buga masa ƙaramar ƙusa a baki, ga sanduna da zare da maganaɗisu. A zuba kifin a cikin baho babu ruwa, ita ta zauna a kan gado ta riƙa kamo su daga sama. Jan kifin shi ne sarki, wanda ya kamo shi yana da ikon sa kowa ya yi kukan dabba. Lido ma na saka, amma ɗan lidon ki ajiye a wurinki, kada ya bi ta baki.

Wanda ba ya bukatar kaya kuma kin san shi, sai dai in kin manta. A ɓoye maɓalli a falo. Ita ce za ta ɓoye, ku ne za ku nema, tana zaune tana cewa "sanyi" ko "zafi". Kin ga ta sa mutane uku suna zirga-zirga ita ba ta motsa ba. Ki kuma buɗe mata kanti a kan tebur da gwangwanaye da kwalaye, marfin kwalba ya zama kuɗi. In na san 'yar nan, kafin sati za ta hana ku bashi.

Abu biyu zan gaya miki. Mijinki ya ajiye almakashi ya zauna a tabarma, wasan gida ba na uwa kaɗai ba ne. Sannan kada ku riƙa bari ta ci kullum. Yaro yana gane tausayi, in ya gane kuma sai ya san akwai abin da ake ɓoye masa. Ke ma ki gyara fuskarki. Na san ki, in kin tsorata kamar wadda ta haɗiyi tabarya kike zama.

Ki rubuto mini yadda ta karɓe su.
Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban san ta inda zan fara ba.

Da farko abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Kifin nan har da shi take kwana. Ta buɗe kanti ta sayar wa babanta da silifas ɗinsa. Yayanta da yake gudun ta ya koma yana saurin dawowa daga makaranta. Na fara cewa ashe za mu iya.

Shekaranjiya da la'asar babansu ya dawo da wuri, muka zauna wasan kamun kifi. Ita ta kamo jan kifi. Ta ce Baba ya yi kukan jaki. Ka san mutumin nan da kunya, sai ga shi ya durƙusa ya ɗaga kai yana haniniya, yayanta ya haye bayansa. Guguwa ta fashe da dariya. Yaya, rabon da in ji dariyar nan tun kafin ciwon. Tana yi tana dukan katifa, ni ma ina yi. Sai dariyar ta ɗauke, bakin yana buɗe amma babu sauti. Na ga shuɗin yana hawa daga leɓe zuwa farce. Idonta ya tsaya a kaina. Babanta bai lura ba, yana ta kukan jakinsa, sai da na ƙwalla ƙara.

Ya saɓe ta ya sauka bene ba takalmi. A mota ina kiran sunanta na gaskiya, wanda ba mu cika kira ba. Sun sa mata iskar numfashi, sun yi allura, da ƙyar launinta ya dawo. Mun kwana ɗaya aka sallame mu. Likita ya ce ba za a ƙara jira ba, ya matso da tiyatar zuwa ƙarshen wata.

Na kwashe kayan nan duka na ɗora a saman kabad. Na ce kada wanda ya ƙara sa ta dariya. Gidan ya yi tsit, har ƙarar firij muke ji. Yayanta ya daina shiga ɗakin, yana cewa shi ya jawo da ya hau bayan Baba. Babansu ko ido ba ya haɗawa da ni.

Jiya ina taje mata kai ta ce, "Mama, in na yi dariya mutuwa zan yi?" Na ce wa ya gaya miki. Ta ce, "To me ya sa kika ɗauke kifina?" Na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Na san ba laifinka ba ne, amma raina ya ɓaci da kai, gara in faɗa. Kai ka ce a yi kukan dabba. Kada ka ƙara aiko da komai.

Auta.

*

Auta,

Salamu alaikum. Ki yi fushin, na ɗauka. Tun da takardarki ta zo ban kunna inji ba, ba na so in bar yatsa a kan tebur. Mai ɗakina ta ce tana yi mini magana da hannu ina kallon ta kamar ban taɓa ganin ta ba. Ni ma tsoron nake ji, kada ki zaci don ina nesa ne nake da bakin ba da shawara.

Ni kafinta ne, ban san zuciya ba. Saboda haka ba zan ce miki dariya ba ta da illa ba. Amma likitan ne ya hana, ko ke ce? In ba ki tambaye shi ba, ki je ki tambaye shi baki da baki. In ya ce a hana, ki ƙone akwatin, ni zan aiko da ashana. In bai ce ba, to yarinya ce za ta shiga ɗakin tiyata, kuma abin da za ta tuna na gida shi ne kowa yana tafiya a kan yatsu yana satar kallon ta. Wannan ma abin tsoro ne a wurin yaro.

Kin ce kada in aiko, na saɓa. 'Yar tsana ce guda ɗaya. Ƙirjinta yana buɗewa kamar ƙofar kabad, a ciki akwai zuciya ja, na huda ta, ga ɗan toshi da zai shiga hudar daidai. Na haɗa da bandeji da farin ƙyalle. Tunanina shi ne ita ta zama likita, ta yi wa 'yar tsanar abin da za a yi mata, kafin baƙi masu rufaffiyar fuska su yi mata. In kin ga abin ya yi muni, ki jefar, ba zan ji haushi ba.

Yaron nan kuma ki kira shi ki gaya masa ba shi ba ne. Ba zai tambaya ba, haɗiyewa zai yi.

Allah ya tsare mana ita.
Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaishe ka. A kan gwiwata nake rubutun nan, a barandar asibiti, ka yi haƙuri da karkacewarsa. Da safen nan suka shiga da ita.

Ranar da na buɗe 'yar tsanarka jikina ya yi sanyi. Na ce Yaya ya haukace, na tura ta ƙarƙashin gado. Amma likitan na tambaye shi kamar yadda ka ce. Ya cire tabarau ya ce shi bai hana dariya ba, ko barci take abin yana iya tasowa. Ya nuna mana yadda za mu naɗe mata gwiwa zuwa ƙirji in ya zo, ya ƙara magani. Na dawo gida na hau kujera na sauko da akwatin. Sai yayanta ya je ya ɗauko baho. Na riƙe shi na gaya masa abin da ka ce. Ya yi kuka har ya jiƙa mini riga.

'Yar tsanar kuwa ita ta gano ta da kanta. Na shigo na tarar ta shimfiɗa ta a kan filo ta buɗe ƙirjin. Ta ce, "Irin tawa ce?" Na ce e. Ta ce, "Da zafi?" Na ce barci za ki yi, ba za ki ji ba, in kin tashi ne zai yi ciwo kaɗan. Sai ta ɗaura wa yayanta ƙyalle a baki ta ce shi ne nas. Tun ranar kullum sai an yi tiyata a gidanmu. Babansu shi ne mai jira a waje, kuma dole ya yi ta kai da komo har ta fito ta ce masa an gama.

Ga shi can yanzu yana kai da komon, na gaske.

Da suka zo da gadon turawa ba ta yi kuka ba. Ta tambayi nas ko toshinsu ya yi daidai da hudar, don na Kawunta sai an danna. Nas ta ce sun auna. A bakin ƙofar ne ta riƙe mini yatsa ta ce, "Mama, ke fa ba za ki shiga ba?" Sai da suka ɓanɓare hannunta. Ƙofar ta rufe, ina jin tana kira na.

Yaya, sun ce za su tsayar da zuciyar kafin su gyara. Tsayarwa fa. Na sa hannu a takardar da ta ce na yarda. Duk wanda ya fito daga ƙofar nan sai in tashi, ya wuce ni. Direba zai tashi da azahar, zan ba maƙwabciya takardar nan ta kai masa. Ba ni da labarin da zan ba ka. Ka ajiye komai ka yi addu'a.

Na yafe maka kukan jaki, kai ma ka yafe mini.
Auta.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ni ne surukinka, baban yara. Ƙanwarka barci ya kwashe ta a kan benci, na ce kada a tashe ta.

An fito da ita, alhamdu lillahi. Aikin ya daɗe fiye da yadda suka ce, mun ga tashin hankali. Likita ya ce an toshe, amma ba zai ce mun haye ba sai an ga kwanakin nan. Tana ɗakin da ba a barin mutum ya daɗe. Ta buɗe ido, ta gane ni. Leɓenta ja ne, Yaya. Na tsaya ina ta kallo har nas ta kore ni.

Suna so ta riƙa hura iska don huhunta ya buɗe, ita kuma tana tsoron ciwon. Sai na lanƙwasa wayar ƙarfe na yi zobe, nas ta kaɗa ruwan sabulu a kofi. Da ƙyar ta yarda ta hura. Kumfa ɗaya ta fita, 'yar mitsitsiya, ta fashe a kan bargo. Ta harare ni ta ce zoben nawa bai iya ba, a gaya wa Kawu ya yi babba.

Na isar da saƙo. In da hali ka kawo shi da kanka.

Naka,
Baban yara.